Gahawa Ta Bayan Darni

Abin nan da zan faɗa ya faru ne tun Nasara ba su shigo ƙasar Katsina ba, tun ana rufe ƙofar gari kafin rana ta faɗi saboda mahara. Ni ban san baƙi ba, faɗa nake ana rubutawa. Inda aka ji kuskure nawa ne, kada a ɗora wa mai alƙalami.

A Safana aka haife ni, aka kai ni aure Wagini. Mutum biyu na tarar a gidan: mijina da gwaggonsa, yayar mahaifinsa. Tsohuwa ce, hakiya ta fara cin idanunta, bakinta kuwa lafiyarsa lau. Uban mijina da uwarsa sun tafi hajji a ƙasa tun mijina bai isa riƙe galma ba. Shekara goma sha ɗaya ba wasiƙa, ba saƙon baki. An yi ta addu'a har aka gaji, aka bar wa Allah.

Ina shekara biyu a gidan, ƙarshen bazara, ranar kasuwar Batsari, sai masu dawowa daga cin kasuwa suka shigo gari da wani tsoho yana jan jaki. Uban mijina ne. Shi kaɗai. Matarsa ta rasu a hanyar dawowa, a wani gari can gabas da Barno, ya binne ta ya ci gaba da tafiya. Mutane suka yi kwana bakwai suna cika ƙofar gida, kowa na son ya taɓa hannun da ya taɓa Ɗakin Allah. Da aka watse aka kwance kayansa, sai ga su ba yawa: tasbaha, 'yar gora ta ruwan zamzam, wata butar ƙasa ƙarama mai dogon wuya wadda yake ce wa jabana, finjali biyu, da zabira ɗaya a ɗaure tamau.

Ku na yanzu sai an gaya muku yadda surukuta take a wancan zamani. Ba na duban fuskarsa. Ba na kiran sunansa, ko wani yaro ne mai sunan sai dai in ce mai sunan Baba. In muka haɗu a hanyar rijiya, ratsewa nake in durƙusa bayan geza har ya wuce. Shi ma bai taɓa fuskantata da magana ba. Mijina kuma ɗan fari ne, tsakaninsa da ubansa sai gaisuwar asuba daga bakin ƙofa, kai a sunkuye. Gida mai mutum huɗu, Gwaggo kaɗai ke da bakin magana da kowa.

Ɗakin Baba yana kusa da zaure, a nan ake ɗaure jakinsa. Tsakaninsa da murhuna akwai darnin kara. Ba a ganin juna, amma ko allura ta faɗi ana ji.

Juma'ar farko bayan an watse, Gwaggo ta shigo da zabirar nan tana lalube.

"Amarya, wai a dafa mashi wannan."

"Mene ne shi, Gwaggo?"

"Wai gahawa. Da gani waken Makka ne."

"Yaya ake dafawa?"

"Na tambaye shi, ya ce shi sha kawai ya sani. Shekara goma sha ɗaya yana yawon duniya, abin da ya koyo ke nan."

Muka juye a faifai. 'Ya'ya ne ƙanana, launin toka mai ɗan kore, kowane da tsaga a ciki kamar ƙwallon dabino, ga tauri kamar tsakuwa. Gwaggo ta auna da hannuna, ta ce nawa ne zai yi aikin. Dintsi tara. Ba a sayar da irinsu a Batsari, ba a sayarwa a Safana. Masu zuwa birni sun ce sai jefi-jefi wurin Larabawa, in ayari ya sauka. Waɗannan taran su ne duka.

An ce mini wake, ni kuma na san wake. Na ga dintsi ɗaya ya yi kaɗan a kai gaban alhaji, sai na ɗebi biyu. Na wanke, na zuba a tukunya, na jefa kanwa don su yi laushi. Tun hantsi nake tura kara har azahar. Ruwan ya yi kore, ya koma ɗorawa, ya koma wani launi da ban san sunansa ba. Suka kumbura kaɗan, ba su nuna ba. Na sa gishiri, na ɗiga man shanu, na zuba a akushi Gwaggo ta kai.

Yadda aka kai haka aka dawo da shi. Gwaggo ta ɗanɗana ɗaya ta tofar, ta ce ko akuya sai an roƙe ta.

Da la'asar ina tankaɗe, sai na ji muryarsa ta bayan darni.

"Kai jaki, ka ga duniya ko? Abin da ake soyawa a daka a sha ruwansa, yau an yi mana shi da kanwa da man shanu."

Babu faɗa a muryar. Amma ya ɗaga ta fiye da yadda jaki ke bukata, jakin kuma ba kurma ba ne. Na ajiye rariya na saurara. Bai ƙara ba.

Saura bakwai. A makon nan aka yi ruwan shuka. Mijina, ba tare da ya shawarci kowa ba, ya ɗebi dintsi guda ya shuka bayan ɗaki, ya kewaye da ƙaya. Nufinsa in ta fito tsohon ba zai ƙara rasa ta ba. Manomi ne, duk abin da ya ga mai kama da iri ƙasa yake tuna masa. Gero ya tsiro, wake ya tsiro, har ciyawar da ba a shuka ba ta tsiro. Bayan kwana ashirin ya tona ya tarar sun ruɓe. Saura shida.

Juma'a kaɗai Baba ke neman gahawar, haka suka saba can. Da ta zagayo na ce tun da suya ce, ai na san suyar gyaɗa. Na zuba rairayi a kasko, na hura wutar kara mai harshe, na juye dintsi ɗaya. Kafin in je in ɗebo ruwa a randa in dawo, hayaƙi ya turnuƙe. Na tsince su baƙi ƙirin, na daka a turmin da nake daka kayan miya. Da zan wanke jabana sai na ga wani ƙullin zare ya toshe mata wuya, ya yi baƙi ya bushe. Na sa tsinke na zaƙulo shi na yar. Na tafasa, na tsiyaya a finjali.

Kurɓa ɗaya aka yi.

"Gawayi da daddawa, jaki," in ji muryar da la'asar. "Ga tsaki ya cika mini haƙora. A wuyan butar nan akwai wani ɗan zare da takan cusa, shi ke tare tsakin. Ko a hanya ya faɗi?"

Ranar ce na fara jin ya ambaci marigayiyar, ko da bai kira ta da komai ba. Akwai wata kaza wake-wake da ke kiwo kusa da murhu. Na dube ta na ce:

"Ke kazar nan, kin ga inda na yar da zaren nan? Ni na ɗauka sheƙar ƙwaro ce."

Sai ya yi wani tari wanda na san ba tari ba ne.

"Jaki, zaren kaba ma zai yi, in an dandaƙa shi ya yi laushi."

Daga nan hanya ta buɗe. Shi ya gaya wa jaki, ni in tambayi kaza. Gwaggo tana kan tabarmarta tana kaɗi, ta ce gida ya lalace, jaki ya zama malami, kaza na ɗaukar karatu, mutane kuma sun zama bebaye. Amma ba ta hana ba, ba ta kuma kai maganar waje ba.

Wahalar ita ce shi ma bai iya ba. Bai taɓa tsayawa ya dubi hannun marigayiyar ba. A wani gari na bakin teku ta koya wurin matan da suka zauna da su, shi kuwa yana zaune waje yana gyaran takalmi ko yana jan tasbaha. Abin da ya sani duk ta kunne ya shiga. Ya gaya wa jaki cewa bai taɓa jin rurin wuta ba, ke nan garwashi ne. Ya ce ƙarar juyawa ba ta tsayawa ko kaɗan, shar, shar, shar, kamar ana shara a tsakar gida. Ya ce can sai ya ji ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Dakan kuma ba irin na hatsi ba ne mai nauyi, ƙanana ne a jere.

Mijina ya je kasuwar Batsari ya sa aka sassaƙa mini ɗan turmi sabo, wanda barkono bai taɓa shiga ba. Bai ce don abin da ya shuka ba ne, ni ma ban ce ba. Ni kuma tsakanin Juma'a da Juma'a na riƙa gwada hannuna da busassun 'ya'yan kuɓewa a kan garwashi, don in koyi juyawa ba tare da na taɓa zabira ba. Hannu ya saba. Sai dai kuɓewa ba ta yin ƙarar nan.

Na gaba, tsoron ƙonawa ya sa ina jin ƙas na farko na sauke. Ta ƙi dakuwa, sai tsalle take daga turmi. Jaki ya ji cewa an ba su ruwan tsamiya. Saura huɗu.

Na ce bari in yi dabara, in raba dintsi biyu ya kai ni Juma'a biyu. Duka biyun jaki ya ji cewa ruwan wanke ƙwarya ne. A ta biyun ce ma aka ƙara masa da cewa har yanzu ana jin kanwa. Na rantse wa kaza ban sa ba. Daga baya na gane rijiyarmu ce, ruwanta dama yana da ɗan gardin kanwa, mu da muka saba ba ma ji. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta nuna mini wani kwarmi a kan dutse, yamma da gari, inda ruwan sama ke kwanciya garau. Daga nan can nake zuwa da ɗan tulu duk safiyar Juma'a.

Damina ta yi tsakiya, ƙafafun Baba suka fara kumbura. Da yakan taka zuwa masallaci, sai ya koma sallah a ƙofar ɗaki, daga baya a zaune. Tuwo ya daina shiga, sai kunu, shi ma rabin ludayi. Aka kawo saiwoyi, aka kawo rubutu, ya sha don kada a ce ya ƙi. Abu ɗaya ne yake tambaya da bakinsa. Tun ranar Laraba zai fara ce wa jaki, "Jibi Juma'a." Ni kuma in taɓa zabira in ji yadda ta lafe.

Saura dintsi uku. Da na dafa ɗaya, na bar ta a wuta tana ta tafasa, a zatona daɗewa ce ke fito da ƙarfinta, kamar sassaƙen magani. Ta yi ɗaci har Gwaggo ta ce a ajiye wa mai shawara. Ranar ya tuna wani abu. Ya ce yakan ji marigayiyar ta ɗaga butar ta mayar, ta ɗaga ta mayar, sau uku, sannan a yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ji tsiyaya. Ya kuma ce akwai wani abu da ke ɗumama maƙogwaro bayan an haɗiye.

"Barkono ne," in ji Gwaggo da ƙarfi. "Zuba mashi barkono ya huta mu huta."

"Jaki, tun muna yara bakinta ke riga hankalinta fita."

"Na ji ka. Ni na goye ka, kana yi mini fitsari a baya, yau don ka ga Makka za ka yi da ni wurin jaki?"

Ban sa barkono ba. Na shinshina cikin jabana tun daga gindinta, can ƙarƙashin ƙaurin da na jawo mata, sai na ji kamar busasshiyar citta. Juma'ar da ta biyo na daka citta kaɗan tare da ita. Na sa ido a wuyan buta, kumfa ya taso na ɗaga, ya kwanta na mayar, har sau uku. Na ajiye ta a gefe tsakin ya zauna. Na cusa zaren kaba na tsiyaya.

Rabin finjali aka sha. Ba a taɓa kaiwa nan ba.

Na zauna jikin darni tun kafin la'asar.

"Citta ce, jaki. Ruwan ma ya yi. Suyar ce dai." Ya numfasa. "Yanzu na tuna. Ai ba ita ke cewa ta yi ba. Takan kawo kaskon gabana yana hayaƙi, tana juyawa, in shaƙa. Ni ke cewa a sauke."

Shi ma ya san abin da ya faɗa ba mai yiwuwa ba ne. Gwaggo ba ta gani, ba a ba ta kasko mai zafi, kuma hannu ba ya tsayawa da juyawa ko na ƙiftawar ido. Mijina ba zai zauna gaban ubansa ba, ko ya zauna bai iya ba.

Saura dintsi ɗaya. Na kwana shida ina juya abin. Na san abin da matan unguwa za su ce: 'yar Safana ta je ta zauna gaban surukinta ido da ido, ba a koya mata komai a gidansu ba. Magana irin wannan takan bi mace har ɗiyanta. Na kuma san in na soya a bayan darni, ko dai in sauke da wuri ko in wuce, kuma babu wani dintsi bayan wannan. Gero ya riga ya fid da kai. Muryar da ke magana da jaki kullum ƙara sirancewa take.

Ranar Juma'a da hantsi na dawo daga dutse da ruwa. Na hura gawayin ƙirya a kaskon wuta har ya yi ja ya rufe da farar toka. Na zazzage zabira, na juya ta ciki waje, ƙwaya uku suka faɗo daga ɗinki, na haɗa. Sannan na ce:

"Ke kaza, yau zan zagaya darni. Wanda ba ya son gani ya kau da kai."

Gwaggo ta tsai da mazarinta. Can sai muryar ta zo.

"Jaki, matsa ka ba mutane hanya."

Na ja mayafi na rufe fuska, na ɗauki wuta na zagaya. Yana zaune kan buzu a ƙofar ɗaki, ya jingina da bango. Ƙafafunsa kawai na gani, sun yi sumul kamar tulu. Na durƙusa na ba shi gefe, na ɗora kasko, na juye.

Na yi ta juyawa. Suka tashi daga toka-toka suka yi ɗorawa, wani wari ya fito kamar na ɗanyar ciyawa a rana. Ɓawo siriri ya riƙa tashi yana bin iska. Suka yi ja. Ƙas. Ƙas, ƙas. Hannuna ya so ya ɗauke kaskon, na hana shi. Na ɗaga shi kaɗan na miƙa wajensa ina juyawa. Na ga inuwar hannunsa a ƙasa tana jawo hayaƙin zuwa fuskarsa.

"Da saura."

Na mayar kan wuta. Ƙarar ta yi yawa, ta ragu, ta ɗauke. Launin ya koma na busasshen dabino. Hayaƙin ya sake, ya yi nauyi, wani ƙamshi ya fito wanda duk suyar da na yi a baya ban taɓa tsayawa a kansa ba, ko ban kai ba ko na wuce. Na sake miƙawa. Ya ja numfashi mai tsawo, ya riƙe.

"Sauke, ɗiyata."

Ba da jaki yake ba. Na juye a faifai na fifita, na kwashi kayana na koma bayan darni ban waiwaya ba.

Sauran aikin hannu ya riga ya sani. Ta daku ba gardama, ta yi gari mai ɗan tsaki. Citta kaɗan, ruwan dutse, tashi uku, sannan jira. Gwaggo ta zo za ta ɗauki finjali, sai ya ɗaga murya ya ce a kawo butar gaba ɗaya da finjali biyun.

"Ni fa ba na shan abin nan," in ji Gwaggo.

"Wa ya ce naki ne?"

Na ji tsiyaya sau biyu. Jim kaɗan sai ga Gwaggo tana tafe a hankali, ta riƙe ɗaya finjalin da hannu biyu, wanda ba a taɓa fito da shi ba tun da aka kwance kaya.

"Wai na kaza ne," ta ce. "Karɓi kafin in zubar."

Na sha. Ɗaci ne da farko, sannan ɗumin citta, sannan wani abu da ya daɗe a baki bayan an haɗiye. Ba zan ce ta yi mini daɗi ba. Na shanye.

Da azahar aka dawo da jabana babu ko ɗigo, finjalinsa a kife. Gwaggo ta ce ta tambaye shi ko ta yi kamar ta da, sai shi kuma ya tambaya ko da saura a zabira. Ta ce babu. Ya ce to, madalla. La'asar ta yi na zauna jikin darni kamar kullum. Jaki bai ji komai ba ranar.

Maganar zagaya darnin da na yi ta fita, ban san ta ina ba. An yi ta a bakin rijiya kwana biyu. Gwaggo ta sa aka ja ta har can, ta ce ita ta aike ni, mai magana ta zo ta same ta. Ba ita ta aike ni ba. Maganar ta mutu.

Ni da shi muka koma yadda muke, ina ratse masa, yana kau da kai. Bai ƙara tambayar Juma'a ba. Ya ga an yanke gero an kai rumbu, ya rasu kafin a girbe dawa. Gwaggo ta ce jabana da finjali biyun nawa ne, ba wanda ya musa. Suna nan cikin kwandon da ke ƙarƙashin gadona, zaren kaba na wuyanta har yanzu. Iyakar abin da ya faru ke nan.